Baba Tsanaki da Kumfar Rijiya

A duk ma'aikatar nan babu wanda ya taɓa ganin Baba Tsanaki yana sauri. An ce ranar da wuta ta kama a ɗakin janareta kowa ya fita a guje, shi kuwa sai da ya rufe bironsa, ya tura kujera ƙarƙashin tebur, sannan ya fito yana tambaya ko wani ya kashe fanka. Tun daga ranar sunan ya manne masa, har matarsa ma da shi take kiransa idan ya ishe ta.

Aikinsa ɗebo ruwa ne. Idan ya faɗi haka a cikin dangi sai wuri ya yi tsit, a shiga tausaya wa matarsa, ana ganin bai kamata a ce dattijo mai furfura da takalmi sau-ciki nan ya ƙare ba. Shi kuma ba ya wahalar da bakinsa wajen gyara musu. Ruwan da yake ɗebowa ba na sha ba ne, ba na wanka ba. A bayan gari akwai wani fili da aka zagaye da waya, inda a da wata masana'anta take wanke ƙarafa da wani sinadari mai cire maiƙo. Masana'antar ta mutu, an kwashe injuna, amma sinadarin da ya yi shekaru yana tsiyaya cikin ƙasa yana nan, har ya tarar da ruwan da ke can ƙarƙashi. Kamfanin su Baba aka ba aikin tsabtace wurin. An haƙa rijiyoyin gwaji goma sha wani abu, kowace faɗinta bai wuce a zura hannu ba, da murfin ƙarfe da kwaɗo. Lokaci-lokaci Baba zai je ya buɗe su, ya zura siririn tiyo, ya jawo ruwa da ɗan famfo, ya cika waɗansu 'yan kwalabe masu tsawon yatsa, ya jera su cikin kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji.

A can abu biyu ake dubawa. Ana duba sauran sinadarin da ya rage, ana kuma duba gas ɗin da ya narke a cikin ruwan. Dalili kuwa, a ƙarƙashin ƙasa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda Allah ya hore wa cin irin wannan ƙazanta. Idan sun ci sai su saki gas, gas ɗin ya narke a ruwa kamar yadda yake zaune cikin lemon kwalba kafin a buɗe. In an ga gas, to ana cin abinci a can ƙasa. In ba a gani ba, masu cin sun yi barci.

Shi ya sa doka ta farko a wannan sana'a ita ce kada a bar kumfar iska a cikin kwalba, ko da kamar kan allura ce. In aka bar ta, gas ɗin zai fice daga ruwa ya koma cikinta, awo ya lalace. A nan fa Baba Tsanaki ya yi suna. Yakan karkata kwalbar, ruwa ya gangara a jikinta ba ƙara ba motsi, har ya yi tozo a saman baki. Sai ya ɗora murfi kamar mai rufe idon jariri, ya kifa kwalbar, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, ya ɗaga ta wajen haske yana kallo da ido ɗaya. Tun da ya fara aiki, ɗakin gwaji bai taɓa dawo masa da kwalba ba, kuma ya tabbatar kowa ya san haka.

Halin bai tsaya a wurin aiki ba. Matarsa tela ce, kekenta yana falo kusa da taga. In ta cika gorunan ruwa za ta sa a firij, sai ya bi bayanta yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Maman yara, wannan ai rabinsa iska ce."

"To ka kai ƙarata wurin shugabanku," in ji ta, ba tare da ta ɗago kai daga ɗinki ba. "Mu dai sha za mu yi."

Abu ɗaya ne Baba yake tsoro a duniya, shi ne sito. Wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, ba kowa sai kwalabe da warin bilic. Mutumin da ke zaune a ciki, wanda ake kira Mai Sito, shi ne yake aikin Baba a da. Da girma ya zo masa hannunsa ya fara rawa, aka yi masa godiya mai yawa, aka ba shi makullan ɗakin. Duk safiya Baba yakan gaishe shi daga bakin ƙofa, ba ya shiga, kamar abin ana ɗauka ne.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugabar aikin, wata matashiya mai gilashi da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Kowa Injiniya yake ce mata. Ta duba sakamakon shekaru ta ce ƙwayoyin nan yunwa suke ji, ba za su yi aiki da ƙarfi ba sai an ciyar da su. Ta sa aka dama man girki da ruwa, aka ɗura shi cikin ƙasa ta wasu ramuka a can ƙarshen filin, inda ƙazantar ta fi yawa.

Direban motar aiki, wani mai tumbi da suka daɗe suna tsokanar juna da Baba, ya tsaya yana kallon gangunan da ake juyewa, hannu a ƙugu.

"Ikon Allah," ya ce. "A gidana da cokali ake auna shi, nan kuma ƙasa ake yi wa walima. Tsanaki, ka tambaya mana ko suna ɗaukar ma'aikata a can ƙasan."

"Ba za ka shiga ta tiyo ba," in ji Baba.

Watanni suka shuɗe. Wata rana da rana tsaka, a ɗaya daga cikin rijiyoyin ƙarshen fili, Baba ya cika kwalba yadda ya saba, ya rufe, ya kifa, ya ɗaga wajen haske. Sai ga 'yan ƙananan kumfa sun jeru a jikin gilashi, suna ƙyalli kamar suna yi masa dariya.

Ya waiga. Direba yana cikin mota, ƙafa a kan sitiyari, hula a kan fuska. Baba ya zubar da ruwan, ya ɗauki sabuwar kwalba. Kumfa. Ya sake. Kumfa. Ya ajiye kwalbar, ya miƙa hannunsa na dama a gabansa yana dubawa. Duk wanda ya taɓa zura wa hannunsa ido yana jiran ya ga ko zai yi rawa ya san abin da ke biyo baya. Yatsun suka fara kaɗawa.

"Shi ke nan," ya faɗa a ransa. "Ta zo."

Rijiya ta gaba ma haka, da wadda ke bin ta. Rijiyoyin safe kuwa lafiya lau. Wani zai iya tambayar kansa me ya sa sai waɗannan kaɗai. Baba ma ya tambaya, ya kuma ba kansa amsa nan take: ai su ne na ƙarshe a zagayensa, yana isa gare su bayan hannu ya gaji. Da yake tun da aka haƙa rijiyoyin bai taɓa sauya tsarin zagayen ba, daga bakin ƙofa yake farawa ya ƙare a can ciki, babu abin da zai ƙaryata shi.

Da ya koma gida ya ƙi shan shayi. Washegari ma ya ƙi. Matarsa ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta tsayar da keke.

"Baban yara, me shayi ya yi maka?"

"An ce yana sa rawar hannu."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Ta kalle shi ta saman gilashinta. Ta zare zare daga allurar hannu, mafi ƙanƙanta a cikin gwangwaninta, ta miƙa masa duka biyun.

"Zura min."

Ya zura a karon farko. Ta zare, ta sake miƙa masa. Ya sake zurawa.

"To ina rawar? Ni da nake sana'ar sai na lashi zaren sau nawa."

"Allura daban, ruwa daban," ya ce. "Ke ba za ki gane ba."

"Haka ne. Ni me na sani, tunda ban iya cika gora ba."

Ta roƙe shi ya faɗa wa Injiniya, ko ya je asibiti a duba shi. Ya ce ya ji. A bakin Baba Tsanaki, "na ji" na nufin an rufe magana.

A zagaye na gaba ya samo dabara, kuma ya yi alfahari da ita a ɓoye. Ya taho da wata moɗar roba daga kicin. In ya iso rijiyoyin ƙarshe sai ya tara ruwan a moɗa, ya ajiye a inuwar mota, ya zauna a kan kula, ya ɗora hannayensa bisa gwiwa, ya lumshe ido yana jan numfashi a hankali har ya ji jikinsa ya kwanta. Sannan ya tashi ya tsiyaya daga moɗar zuwa kwalba. Ya rufe, ya kifa, ya ɗaga. Tas, ko ɗigon kumfa babu.

"Ashe hutu kawai hannun yake so," ya ce, har da 'yar ƙwalla.

Direba ya leƙo ta taga. "Wai me kake yi ne a zaune kamar mai jiran a ɗauke shi hoto?"

"Sabuwar hanya ce."

"Ta barci? Ai da ka tambaye ni, na daɗe da ƙwarewa."

Haka aka yi ta tafiya zagaye bayan zagaye. Kwalaben Baba suna isa ɗakin gwaji tsaf, ba mai cewa uffan. Ya koma shan shayi, amma rabin kofi.

Wadda ta kasa samun sukuni ita ce Injiniya. Wata safiya ta kira shi ofishinta, ta juyo masa da fuskar kwamfuta, duk da ta san layukan da ke kai ba sa ce masa komai.

"Baba, zauna. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Rijiyoyin ƙarshen nan, sinadarin ya ragu sosai, har ya fi yadda na yi fata."

"Alhamdu lillahi."

"Amma babu gas. Kamar a ce an cinye tukunya guda, ba a ga wanda ya yi gyatsa ba. In ƙwayoyin ne suka ci, ina alamarsu? In ba su ba ne, ina ya tafi? Kuma masu gidajen da ke bayan waya suna ta tambaya yaushe za a ce musu su buɗe rijiyoyinsu. Ba zan ce musu komai ba sai na gane wannan. Gobe zan bi ku."

Baba ya ce to. Da ya fito, ƙafarsa ta kai shi har ƙarshen baranda ba da saninsa ba. Mai Sito yana zaune yana goge murafe da tsumma, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

"Shigo mana, Tsanaki. Akwai kujera."

"A'a, a'a, wucewa nake," in ji Baba, ya juya da wani irin hanzari da ba a san shi da shi ba.

Washegari Injiniya ta zauna a gaba, Baba a baya tare da kula. Ya ɓoye moɗar a ƙarƙashin kujera. Rijiyoyin safe suka tafi lafiya, har tana yaba masa.

"Kai, Baba, hannunka kamar inji."

Baba kuwa yana ta kallon yadda ƙarshen fili yake matsowa.

Da suka iso, ya zura tiyo, ya tayar da famfo, ya jira ruwa ya daidaita. Ya ɗauki kwalba. Yanzu kam hannun rawa yake yi ta gaske, har kwalbar na ƙwanƙwasar bakin tiyo. Ya cika da ƙyar, ya rufe, ya kifa. Kumfa ta cika jikin gilashi.

Ya sake, ta sake fitowa. Ya tsaya, kansa a ƙasa.

Direba, wanda ya fito don ya nuna wa shugaba cewa shi ma yana aiki, ya ce, "Tsanaki, ka manta da moɗarka ne? Bari in ɗauko maka." Kafin Baba ya buɗe baki, har ya dawo da ita yana kaɗawa.

"Moɗar mece ce?" in ji Injiniya.

Baba ya cire safar hannunsa a hankali, ya ninke ta. Ya ga babu sauran wurin ɓuya.

"'Yata, gara ki ji daga bakina. Hannuna ya tafi. Tun watannin baya, in na iso nan ba na iya cika kwalba. Sai in tara ruwan a moɗa, in zauna in huta, in hannun ya dawo in zuba. Na san ƙarshenta sito ne. Ina roƙon dai a bar ni in ƙarasa shekarar nan."

Injiniya ba ta ko kalli hannun ba. Ta karɓi kwalbar ta ɗaga wajen haske. Sannan ta karɓi tiyon, ta cika wata da kanta, ta rufe. Kumfa ta fito fiye da tasa. Ta tara ruwan a moɗar, ta kai kunnenta kusa.

"Baba, zo ka saurara."

Ya sunkuya. Wani ɗan sauti ne siriri, shiii, irin na lemon da aka buɗe yanzu.

"Wannan kumfar ba daga sama ta shiga ba," ta ce. "Daga cikin ruwan take fitowa. Gas ne, Baba! Ya yi yawa har ruwan ya kasa riƙe shi in ya hau sama. Nan ne fa muka ɗura man. Ƙwayoyin sun tashi, suna ci ba ji ba gani. Abin da nake nema ke nan ido rufe!"

Ta yi wani tsalle da bai dace da shugaba ba. Sai kuma ta tsaya cak, ta dubi moɗar, ta dubi Baba, murnar ta fara sauka.

"Tsaya. Ka ce kana ajiye ruwan a buɗe, ka zauna?"

"Har hannun ya huta."

"Ba hannun ne yake hutawa ba. Ruwan ne. Kana zaune, gas ɗin yana tafiyarsa, sinadarin ma yana bin iska. Abin da kake kawo min lemon jiya ne." Ta dafe goshi. "Da na yarda da sakamakon nan, da na ce wa mutanen bayan waya su buɗe rijiyoyinsu."

Wannan ce ta soki Baba. Ya juya ya kalli rufin gidajen da ke bayan wayar, da shanyar kayan yara a kan igiya. Ya zauna a kan kula, ba don hutu ba wannan karon.

Direba ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, ni dai tun farko na ce wannan zaman bai yi kama da ilimi ba."

"Kai kuma da ka gani me ya hana ka faɗa?"

"Ai na ɗauka sirrin sana'a ne."

Can Baba ya ɗago.

"To yaushe zan karɓi makullan?"

"Waɗanne makullai?"

"Na sito."

"Sito yana da mai shi," in ji Injiniya. "Kai kuma kana da aiki. Duk rijiyoyin nan za a sake su, kuma kai za ka sake. Akwai yadda ake yi da ruwa irin wannan, a cikin bokiti ake nutsar da kwalbar a rufe ta a ƙarƙashin ruwa, zan nuna maka. In kumfa ta fito bayan an rufe, ka bar ta, ka faɗa mana, mun san yadda za mu auna ta. Amma fa ba ka tsira ba. A taron ma'aikata mai zuwa za ka tsaya gaban kowa da moɗar nan, ka nuna musu abin da ka yi daga farko har ƙarshe, don kada wani ya sake."

"Gaban kowa?"

"Har da masu shara."

Baba ya so ya ce a kai shi siton ma ya fi, amma ya haɗiye.

Da ya ba matarsa labari, ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Wato moɗata ce na yi ta nema har na zargi maƙwabta?" Ta goge masa rigarsa mafi kyau, ta ce in za a sha kunya gara a sha ta cikin tsabta.

Ranar taro ɗakin ya cika, har Mai Sito ya rufe ɗakinsa ya zo ya zauna a gaba. Aka ajiye wa Baba tebur, da moɗa, da kwalabe, da lemon kwalba a madadin ruwan rijiya. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa. Ya faɗi yadda kumfa ta fito, da yadda ya zargi hannunsa, da yadda ya yi gaba da shayi. Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Da ya ji dariyar ba ta cizo, sai murya ta fara buɗewa.

Ya juye lemon a moɗa. Ya jawo kujera ya zauna, ya nuna yadda ake ɗora hannu bisa gwiwa, da yadda ake jan numfashi. Ya ce kada a ajiye moɗar a rana, inuwa ta fi. Da lemon ya lafa, ya miƙe, ya karkata kwalba, ya tsiyaya har ya yi tozo, ya rufe, ya kifa, ya ɗaga ta sama yana juyawa don na baya su gani. Ko ɗigon kumfa babu. Wasu sababbin ma'aikata suka fara tafi, ɗaya har ya matso yana tambaya ko moɗar ƙarfe ma za ta yi.

"Za ta yi," in ji Baba, "amma ta roba ta fi sauƙin riƙo. Ka ga, in ka kama ta nan..."

Injiniya ta miƙe tsaye. "Jama'a, don Allah a tuna, wannan shi ne abin da aka hana."

"Ƙwarai, an hana," in ji Baba, yana gyara wa saurayin riƙon kwalba. "Kada wanda ya kuskura ya yi. Amma ɗan ƙara karkata ta, ɗana. In za ka yi kuskure ma, ba haka ake riƙe kwalba ba."